Masu Tonon Dukiya A Dazuzzukan Abuja

Duk wanda ya bi hanyar Bwari ya wuce garin, ya miƙe ya nufi iyakar Jihar Kaduna, zai iske wani ƙauye da ake kira Kawu. Ƙauye ne na manoma, cikin ƙasar Birnin Tarayya, ba shi da wani abin da zai sa baƙo ya tsai da mota ya duba. Amma cikin shekarun 1990 sunan Kawu ya zaga garuruwa, mutane suka riƙa ɗunguma can da diga da shebur da kwanon sarki, kai ka ce sabuwar kasuwa ce ta kafu. Mujallar Time ta ƙasar Amurka, a wani labari da ta buga cikin 2001, ta ce masu haƙa a wurin sun haura 2,000, har manoma suka ƙyale amfanin gona ya lalace don sun sami abin da ya fi noma kawo kuɗi. Abin da jama'ar nan ke tono kuwa kawunan mutum-mutumi ne na yumɓu, waɗanda wasu mutanen da suka gina, suka gasa, suka binne tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Masana suna kiransu kayan Nok, talakawa kuwa gumaka suke ce da su.

Neman dukiyar da ke binne ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kafin zuwan banki, attajiri a tukunya yake zuba wurinsa ko azurfarsa, ya haƙa rami a ƙuryar ɗaki ya binne, in kuwa yaƙi ya ci garin, ko ajali ya zo masa ba zato, shi ke nan dukiya ta zama ta ƙasa. Shi ya sa da wuya a sami kufai a ƙasar Hausa wanda ba shi da labarin tulun da aljanu ke gadi, kuma har gobe akwai 'yan damfara da ke cin abinci da wannan labari, su karɓi kuɗin turare da na baƙin bunsuru su yi layar zana. Malaman fiƙihu ma ba su ƙyale zancen ba. Suna kiran dukiyar mutanen jahiliyya da aka tono rikazi, suka ce wanda ya same ta ya fid da humusi, watau kashi ɗaya cikin biyar. Wani sa'i kuma labarin yakan zama gaskiya, gama sa'ad da masana suka tona waɗansu manyan kaburbura a Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Katsina, a 1992, sun fid da kayan ado na zinariya, da warwaro na hauren giwa, da tasoshin tagulla.

Sai dai dukiyar da ke ƙarƙashin ƙasar Abuja da kudancin Kaduna iri dabam ce. Zinariya ko an kai ta ƙauye zinariya ce, maƙeri zai narka ta, amarya za ta sa. Kan yumɓu kuwa ba ya amfana wa wanda ya tono shi kome, sai fa in akwai wani a Faransa ko Beljiyam da ke jiran ya saya. A nan ne duk labarin ya ta'allaƙa.

Yadda Aka Fara Ganinsu

'Yan haƙar kuza ne suka fara cin karo da su. Cikin 1928 aka tono wani ɗan kai na yumɓu, mai kama da kan biri, a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. Wani Bature mai suna Kanar Dent Young, wanda ke da hannu a kamfanin haƙar, ya kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya ƙara waiwayarsa. Shekara 15 bayan haka, watau cikin 1943, aka sake tono wani kan a wajen Jama'a. Wani akawun ma'aikatar kuza ya ɗauke shi ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi don ya riƙa razana tsuntsaye da namun daji, kan ya yi wannan gadi wajen shekara guda. Daga can ya faɗa hannun Baturen ma'aikatar, wanda ya kai shi Jos ya nuna wa wani saurayin jami'in mulki da ake kira Bernard Fagg. Shi kuwa Fagg ya karanta ilmin tonon kayan tarihi a Jami'ar Kambirij, saboda haka da ya gwada wannan kan da na 1928 sai ya ga ai hannu ɗaya ne. Ya roƙi 'yan kuza duk wanda ya ga irinsa kada ya fasa, ya kawo. Da haka aka tara su da yawa, aka sa musu sunan ƙauyen da aka fara samunsu, aka kuma buɗe gidan ajiye kayan tarihi na Jos cikin 1952.

Wanda ya taɓa ganin kan Nok sau ɗaya ba zai kasa shaida wani ba. Idanunsa manya ne, kusan masu kusurwa uku, an huda ƙwayar idon, an huda hanci da kunnuwa da baki. Gashin kuwa an yi masa kitso ko tukkaye iri iri, wuya da ƙugu da hannuwa sun sha duwatsun ado. Cikinsa fanko ne, an gina shi ne kamar yadda mata ke gina tukunya, ana ɗora yumɓu zagaye bisa zagaye. Ana samunsu a ƙasa mai faɗin gaske, tun daga wajen Kagara a Jihar Neja har Katsina-Ala a Jihar Binuwai, kuma Abuja tana cikin wannan fili tsundum.

Hasali ma, wuri mafi suna a tarihin binciken Nok yana cikin ƙasar Birnin Tarayya. Sunansa Taruga. Fagg ya yi tono a can cikin shekarun 1960, tun Abuja ta yanzu tana daji, tun ana kiran Suleja da sunan Abuja. Ya sami gutsattsarin mutum-mutumi, ya kuma sami murahun narka tama har 13. Da aka auna gawayin da ke cikinsu sai aka ga an hura wuta a nan fiye da shekara 2,200 da suka wuce, abin da ya sa Taruga ta shiga sahun wuraren da aka fara narka ƙarfe a Afirka ta Yamma. Wani wurin kuma, a kwarin Nok, 'yarsa Angela Fagg ce ta tone shi. Sunan wurin Samun Dukiya. Ko wane ne ya raɗa wannan suna, bakinsa ya yi tasiri fiye da yadda ya zata.

Ubangida, Dillali Da Ɗan Haƙa

Da farko, kan Nok abu ne da ake tsinta. Manomi ya ci karo da shi yana huɗa, ko ɗan kuza yana wanke ƙasa. Da farashinsa ya tashi a shagunan sayad da kayan tarihi na Turai, sai tsintuwa ta koma sana'a. Wani masani ɗan Ingila, Dokta Patrick Darling, wanda ya yi shekaru yana bincike a Nijeriya, ya rubuta cikin 2000 cewa gagarumin tono ya kankama wajen 1994, kuma kafin 1995 ta ƙare akwai manyan 'yan kasuwa biyu waɗanda kowannensu ke iya ɗaukar 'yan haƙa kamar 1,000. A ƙiyasinsa, a lokacin ana fid da mutum-mutumi wajen goma kowace rana. Ba ƙasar Nok kaɗai abin ya shafa ba, har da Kwatarkwashi da ke Jihar Zamfara ta yanzu, inda aka riƙa tono waɗansu irin da dillalan Turai ke sayarwa da sunan kayan Sakkwato, ban da kuma waɗanda suke kira kayan Katsina.

Sana'ar tana da tsarinta, kusan irin na 'yan haƙar zinariya. A sama akwai ubangida, mai kuɗi, wanda galibi ba ya taka daji. Shi ke ba da kuɗin abinci da na kayan aiki, shi ke sasantawa da mai gona ko mai gari, kuma duk abin da aka tono a gare shi za a fara kaiwa. A tsakiya akwai dillalai masu yawo ƙauye ƙauye, suna jin ƙishin-ƙishin inda ƙasa ta ba da wani abu. A ƙasa kuwa 'yan haƙa ne, samari manoma mafi yawansu, waɗanda ke fita da rani sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi. Suna tafiya ƙungiya ƙungiya, suna kwana daji, suna ci tukunya ɗaya, in an dace a raba, in ba a dace ba a tashi a nemi wani tudu.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mutanen nan jahilan ƙasa ne. Na'urar gano ƙarfe, wadda ta sa dubban samari suka kwarara Jado a arewacin Nijar cikin 2014 neman zinariya, ba ta jin yumɓu. Ɗan haƙar Nok da idonsa yake aiki. Ya san irin tudun da mutanen da ke son zama a kai, ya san tsingaron tukunyarsu dabam da na jiya, ya san in ya ga tsohon dutsen niƙa a inda ba gari, ko duwatsu a jere ba yadda Allah Ya ajiye su ba, to, akwai magana a ƙarƙashi. Wannan ilmi ne na gaske, wanda aka samu da gumi, kuma masu digiri da suka zo daga baya sun amfana da shi, gama mazauna yankin ne ke nuna musu wurare.

Amma fa ɗan haƙa kai kaɗai yake nema. In ya buɗe rami ya ga gawayi, ko tsingaro, ko gatarin dutse, sai ya watsar gefe ya ci gaba. In ya sami kai mai kyau, ya naɗe shi a tsumma ko buhu, ya bar ramin a buɗe. Daga hannun ubangida kayan kan bi ta Kwatano ko Lome, su sauka Burasal ko Faris, can a wanke su, a liƙe inda ya karye, a ɗora bisa katako mai sheƙi, a haska musu fitila. Kowane hannu suka shiga farashi ya ninka, wanda kuwa ya shiga ramin shi ne mai ƙaramin rabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga misali ɗaya da ya fito fili, don ya shafi shugabannin ƙasa. Cikin watan Afrilu na 2000 aka buɗe wani sabon sashe a babban gidan tarihi na Luba da ke Faris, sai ga kayan Nok biyu a ciki. Gwamnatin Faransa ce ta saye su, tare da na Sakkwato ɗaya, daga hannun wani dillali a Beljiyam, a kan kuɗin Faransa na lokacin, faran miliyan biyu da rabi. A wannan shekarar kuwa Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin abubuwan da ta gargaɗi kowa kada ya saya, domin kusan duk wanda ke kasuwa na sata ne. Surutu ya yi yawa, aka zargi Shugaba Jacques Chirac da cewa shi da kansa ya nemi amincewar Shugaba Olusegun Obasanjo a kan cinikin. Daga baya, cikin 2002, aka daidaita: Faransa ta yarda kayan mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25, wa'adin da ake iya sabuntawa. Samarin da suka tono su ba a san sunansu ba, ba a kuma san ramin da suka fito ba.

Kasuwa ba ta daɗe tana dariya ba. Kaya suka yi yawa, farashi ya faɗi wajen 1996. Sa'an nan jabu ya shigo. Masu saye a Turai suna da wani gwaji da ke nuna tun yaushe aka gasa yumɓu, ana ɗan huda jikin abin a ɗebi gari a auna. Da masu haɗa jabu suka gane haka, sai suka riƙa tattara gutsattsarin gaske waɗanda 'yan haƙa suka watsar, su haɗa hancin wannan da goshin wancan, su cike saura da niƙaƙƙen tsohon tsingaro, ta yadda in aka huda wurin da ya dace gwaji zai ce abin tsoho ne. Mai wayo ya gamu da wanda ya fi shi. A Kawu kuwa, da ƙasa ta daina bayarwa, baƙi suka watse, aka bar 'yan gari da ramuka.

Abin Da Ramin Ke Faɗi

To, me aka yi hasara, tun da dai kan yana nan lafiya lau a cikin gilashi a wata ƙasa? Wannan tambaya ce da mutane da yawa ke yi, kuma amsarta ta fito ne daga wani ƙauye da ake kira Janjala, a ƙasar Kagarko, maƙwabciyar Bwari. Cikin 2005 waɗansu masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Farankfot a Jamus, Farfesa Peter Breunig da Dokta Nicole Rupp, suka fara bincike a yankin tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya, daga baya suka kafa sansani a Janjala. Mafi yawan wuraren da aka kai su sun tarar 'yan haƙa sun riga su. Amma a 'yan wuraren da suka samu ba a taɓa ba, sun bi ƙasa sannu a hankali, suna kankara da ɗan cokalin magina, suna tankaɗe ƙasar, suna rubuta inda kowane abu ya kwanta.

Abin da suka gano ya sake labarin duka. Daga ƙonannun ƙwayoyin hatsi da suka tsinta, waɗanda ɗan haƙa ko kallonsu ba zai yi ba, aka san cewa mutanen Nok manoman gero ne, suna kuma cin wake da atile. Daga awon waɗannan ƙwayoyi da gawayi aka san sun zauna a yankin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu, sun fara gina mutum-mutumi wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, sa'an nan suka shiga narka ƙarfe daga baya, al'adarsu kuma ta shuɗe wajen zamanin haihuwar tasa. Cikin 2021 masana na Jami'ar Biristol a Ingila suka bincika tsingaro fiye da 450 da aka kwaso daga wuraren nan, suka tarar da alamar kakin zuma a kusan sulusin waɗanda maiƙo ya saura a jikinsu. Watau tun shekara 3,500 da suka wuce ana ɗiban zuma a dazuzzukan nan, ana zuba ta a tukunya. A wani wuri da ake kira Pangwari an sami siffar kwalekwale da mutum biyu a ciki suna tuƙi.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne yadda mutum-mutumin ke kwance. Kusan dukansu a farfashe ake samunsu, kuma alamu sun nuna masu su ne suka fasa su da gangan, suka zuba guntayen a rami suka rufe. Sau da yawa kusa da irin wannan rami akan sami duwatsu a jere, da tukwane cikakku, da duwatsun wuya a shirye kamar yadda suke a wuyan mai su. Ƙasar yankin tana da tsami, ta cinye ƙasusuwa, amma masanan suna ganin kaburbura ne, kuma mutum-mutumin yana da nasaba da sha'anin jana'iza ko tunawa da magabata. In haka ne, mafi yawan ramukan da aka buɗe a Kawu da sauran wurare maƙabartu aka tone.

Duk wannan sani daga kwanciyar kaya a rami ya fito, wane ne kusa da wane, me ke sama, me ke ƙasa. Rami kamar shafin takarda yake wanda ba a iya karanta shi sai sau ɗaya, domin mai karatun da kansa yana goge shi yana tafiya. Masani yana gogewa yana kwafa. Ɗan haƙa kuwa yage hoton da ke tsakiya yake yi, ya yar da sauran. Shi ya sa dubban kawunan da ke gidajen attajiran Turai, duk kyansu, ba su ƙara wa kowa sanin ko su wane ne mutanen Nok ba.

An kai waɗansu daga cikin abubuwan da aka tono Jamus aka gyara, aka yi nuninsu a Farankfot daga ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014. Waɗansu masana na gida sun yi ƙorafi a kan fitar da su, suna ganin kamata ya yi 'yan ƙasa su fara gani, kuma ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya. An dai komo da kayan Nijeriya bayan nunin.

Doka Da Ladan Tsintuwa

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Tun 1953 Turawan mulki suka yi dokar kayan tarihi, aka ƙara wata cikin 1974, sa'an nan Doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke Abuja. A ƙarƙashin dokar, ba mai tono sai da izinin Hukuma, ba mai saye ko sayarwa sai wakilin da ta amince da shi, ba mai fita da kayan tarihi waje sai da takarda. Akan kuma yi nasara jefi jefi. Cikin 2012 hukumomin Amurka suka mai da wa Nijeriya mutum-mutumin Nok goma, Faransa kuma ta mai da biyar cikin 2013, waɗanda 'yan kwastan ɗinta suka kama. Amma in aka gwada da goma a kowace rana da Darling ya ƙiyasta, wannan ɗigo ne a cikin kogi.

Inda gizo ke saƙa shi ne, dokar ta faɗa wa manomi abin da ba zai yi ba, ba ta nuna masa ribar da zai ci in ya yi gaskiya ba. A nan ya kamata a dubi Ingila, ƙasar da neman dukiyar da ke binne ya zama abin sha'awa kamar farauta. Can dubban mutane, tsofaffi da ma'aikata da marasa aiki, suna da na'urar gano ƙarfe. Suna da kulob-kulob a garuruwa, suna da mujallunsu, ran hutu su nemi izinin mai gona su bazu suna sauraren ƙarar na'ura, da yamma su taru kowa ya baje abin da ya samu, yawanci tsofaffin maɓallai da ƙusoshi. Da can su da masana ba sa ga maciji. Sai aka yi dokar 1996, wadda ta ce duk wanda ya tsinci tsohuwar zinariya ko azurfa ya sanar da hukuma cikin kwana 14. Wani kwamiti zai yi wa abin kuɗi bisa farashin kasuwa, in gidan tarihi yana so ya biya, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Aka kuma naɗa jami'ai a yankuna waɗanda aikinsu shi ne rubuta duk abin da aka kawo da inda aka same shi.

Cikin watan Yuli na 2009 wani mutum marar aiki, da tsohuwar na'urarsa, ya gano tarin kayan yaƙi na zinariya da azurfa a wata gona a gundumar Staffordshire, zinariyar kaɗai ta kai kilo biyar. Ya kai rahoto, masana suka zo suka tone saura bisa ƙa'ida, aka yi wa kayan kuɗi fam miliyan 3 da dubu 285, shi da mai gona suka raba. Waɗansu biyu kuma da suka sami irin wannan a gundumar Herefordshire cikin 2015 suka ɓoye suna sayarwa a asirce, kotu ta ɗaure su cikin 2019, ɗaya shekara goma, ɗaya takwas da rabi. Tsarin nan yana da masu sukarsa, suna cewa yana zuga mutane su yi ta tono, kuma ba lalle abin da ya yi daidai da Ingila ya yi daidai da Kagarko ba. Amma ko ba kome, mai tsintuwa a can ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya kuma san ba zai komo hannu rabbana ba.

A Nijeriya an ɗan gwada wani abu mai kama da haka. Hukuma ta amince da waɗansu dillalai, waɗanda suka haɗu cikin ƙungiyar masu ceto kayan tarihi da ake kira ARAN, su riƙa sayen kaya daga ƙauyuka suna kawo mata ta biya su, don kada kayan su tsallaka iyaka. Masana da yawa ba su so wannan ba, suka ce ai saye shi ke kiran tono. Su kuma 'yan ƙungiyar sun sha fitowa a jaridu suna kukan sun kai kaya an riƙe musu kuɗi shekara da shekaru. Dillalin da gwamnati ta ci bashinsa, Bature kuma yana miƙo masa kuɗi hannu, ba sai an tambayi inda zai kai kaya na gaba ba. Ɗan haƙa kuwa, wanda shi ne ya san tudun, ba a taɓa sa shi cikin lissafi ba, alhali da za a biya shi ladan nuna wuri tun bai sa diga ba, da an tsira da ramin da abin da ke cikinsa gaba ɗaya.

Lokaci kuma ba ya jira. Cikin watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa Bajamushe a wurin tono kusa da Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan garin da suka bi sawunsu don su cece su. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin daji ya tsaya daga nan. Dazuzzukan da ke tsakanin Kagarko da Bwari suka zama wurin da masani ba ya shiga da sauƙi.

Ta ɗaya gefen kuma birni ne ke tahowa. Tun da Janar Murtala Muhammed ya kafa Birnin Tarayya ran 3 ga watan Fabrairu 1976, aka kuma tare ran 12 ga watan Disamba 1991, Abuja ba ta daina cin daji ba. Unguwanni suna ta tsirowa a Bwari da Kuje da Gwagwalada da Kwali, garin su Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20. Kowace sabuwar unguwa da katafila take farawa, ta kankare ƙasar sama ta tara gefe, tifa ta kwashe ta kai cikon wani kwari, kuma direban katafila, ba kamar ɗan haƙa ba, ko kan ma ba ya tsayawa ya ɗauka.